Bu Dalsu da Motar da Ta Ƙi Lalacewa

A ƙauyen Dolbat, a wani tsibiri, kudu da Dutsen Halla, in ka sayi sabon abu ba ka bi da shi ta ƙofar gidan Bu Dalsu. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma mai hassada ba. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya yarda da abu sai ya ga iyakarsa. Ka nuna masa sabuwar igiya, zai ɗaura ta a gindin bishiya ya yi ta ja har ta tsinke, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "Igiya ce mai kyau. Ka sake sayen irinta." Ranar da ya sayo tsani don tsinkar lemu, da buhun taki a kafaɗa ya hau shi. Ya sauko ya ƙara wani buhun, ya sake hawa, har tsanin ya lanƙwashe ya zubar da shi cikin ciyawa. Ya tashi yana ɗingishi yana murmushi, ya koma kasuwa ya sayo irinsa sak. Laima kuwa, sai ranar da aka ce guguwa na tafe daga teku, kowa na ɗaure rufin gidansa, ranar yake fitowa bakin hanya ya buɗe sabuwa.

Tsofaffin ƙauyen sun ce abin ya samo asali ne tun yana ƙarami. A zamanin da lemu ke da daraja, lokacin da bishiya 'yan kaɗan kan kai ɗan mutum jami'a, wani mai daɗin baki ya sayar wa ubansa dashe, ya rantse masa zaƙinsu sai ya sa mutum kuka. Aka shuka, aka yi ta ban ruwa, aka jira shekara da shekaru. Da suka yi 'ya'ya kuwa an yi kukan, don tsuntsaye ma ɗanɗanawa suka yi suka koma gonar maƙwabta. Yayyen Dalsu duk suka haye jirgin ruwa suka tafi neman aiki a birane. Shi ya zauna, ya sare bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya dasa waɗanda ya ci 'ya'yansu da bakinsa.

Abu ɗaya ne bai samu damar gwadawa ba, wato matarsa, Yang Bunhi, mai nutso a teku tana kamo kayan ruwa. Ya dai yi niyya. Ranar da aka haɗa su su ga juna, da gangan ya makara, wai ya ga iyakar haƙurinta. Ya iso ya tarar ta tafi aikinta. Ya bi ta bakin teku, ya zauna kan baƙaƙen duwatsu iska na dukansa har yamma. Da ta fito ba ta gaishe shi ba, ragar kamunta kawai ta miƙa masa, jiƙe sharkaf, nauyi kamar an cika ta da ƙarfe, ta ce, "Gidanmu na can saman tudu." Ya kai ta. A ƙofar gida ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ba laifi, za ka yi."

Yana gab da shekara saba'in tsohuwar a-kori-kurarsa ta kai ƙarshe. Gishirin teku ya cinye ƙasanta har Bunhi na kallon kwalta na gudu a tsakanin ƙafafunta. Ranar da takalminta ya faɗa ta ramin, ta sa ya tsaya, ta fita ta ɗauko, ta ce ita da motar nan har abada. Suka sayar da lemun shekarar, suka nufi birnin Sogwipo wajen Ko Sangpil.

Sangpil ɗan Dolbat ne, ya haura hamsin, gashi baƙi wul na rini, ya daɗe yana sayar da motoci har ana cewa zai iya sayar wa kifi keke. Ya nuna musu farar a-kori-kura sabuwa fil. Dalsu ya shuri tayoyinta, ya buga ƙofa da ƙarfi har ma'aikatan wurin suka ɗago kai, ya hau bayanta ya yi tsalle. Aka gama ciniki lafiya. Har an miƙa masa makulli, sai Sangpil ya gyara murya.

"Kawu, saura abu ɗaya. Motar nan tana da garantin kamfani, kyauta. Duk abin da ya lalace da kansa a 'yan shekarun farko, gyara maka za a yi. Amma akwai ƙari. In ka ɗan biya wani abu, sai a tsawaita maka shi."

Dalsu ya ajiye makullin a kan tebur a hankali. "Ashe lalacewa za ta yi."

"Haba Kawu! Wannan? Wannan har jikokinka sai sun gaji da ita."

"To in ba ta lalacewa, me zan saya?"

"Kwanciyar hankali."

"Hankalina a kwance yake har sai da ka buɗe baki."

Sangpil ya yi dariya irin ta 'yan kasuwa. "Ka san kayan ƙarfe, Kawu. Ba a rantsuwa a kansu."

"Yanzun nan ka rantse da jikokina."

"Ina nufin, ko da tsautsayi."

"To faɗa mini gaskiya, ni da ubanka tare muka yi aikin soja. Yaushe za ta lalace? In kafin garantin kyautar ya ƙare ne, ba na bukatar naka. In bayan nan ne, faɗa mini me zai lalace in tanadi nasa."

"Ba wanda ya sani, Kawu."

"Waɗanda suka ƙera ta ba su sani ba?"

"Ba su sani ba."

"Suka kuma sayar mini?"

Bunhi ta miƙe ta rataya jakarta. "Tsoho, ka ce e ko a'a mu tafi. Ruwa na janyewa, mata na can suna jirana, kai kana nan kana shari'a da mota."

A nan ne Sangpil ya yi kuskuren da ya daɗe yana da-na-saninsa. Don ya rabu da su lafiya ya ce, "Ba sai yau ba, Kawu. Kana da shekara guda cur. Je ka yi tunani."

Da suka isa gida Bunhi ta yi wa motar abin da ake yi wa sabuwar mota. Ta zuba giyar shinkafa a kan tayoyi huɗun, ta naɗe busasshen kifi da farin zare ta cusa shi ƙarƙashin kujera, ta rusuna. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ga garanti nan, na saya maka. Zance ya ƙare."

Zance bai ƙare ba. Washegari Dalsu ya kai maganar zauren tsofaffi. Hyon Gwangte bakanike, sa'ansa ne tun suna yara, ya ce ya saya, don motocin yanzu cikinsu duk kwamfuta ne, in suka yi fushi ba guduma ke lallashinsu ba. Yang Bongil, ƙanin Bunhi, ya ce kada ya kuskura, kuɗin ya fi kyau a ci gasasshen kifi da su. Zauren ya rabu biyu. Wasu tsofaffi biyu da ba su taɓa tuƙa ko keke ba suka kusa ba hammata iska. Dalsu na zaune yana jin su, can ya buga gwiwarsa.

"Duk surutu kuke. Ba wanda ya tambayi motar."

"Kai ɗan banza, mota magana take?" in ji Gwangte.

"Za ta yi. Shekara guda aka ba ni, kuma a shekarar nan duk abin da ya lalace su za su gyara. To zan ba ta wahalar shekara goma a shekara ɗaya. In ta durƙusa, na san halinta, in saya. In ba ta durƙusa ba, su riƙe takardarsu."

Ya kafa wa kansa doka, don shi ba macuci ba ne: ba zai zuba mata yashi a inji ba, ba zai hana ta mai ba, ba zai kara ta da bango ba. Da kanta yake so ta faɗi, kamar yadda igiya ke tsinkewa.

Da duwatsu ya fara, don su ne abin da tsibirin bai taɓa rasawa ba. Ya loda mata su har bayanta ya zauna, ya hau hanyar dutse da ita, taga a buɗe, kansa a karkace yana sauraron inji kamar likita. Ya kai ƙoli, ya juyo, ya sauko. Ba ta ko yi tari ba. Sai ya ga ba shi da inda zai kai duwatsun, ya tuna katangar gonar wata gwauruwa da guguwa ta rusa bara, ya juye su a can. Da ya juye ya ga sun tare hanya, sai ya jera su. Tsohuwar ta fito ta ga katangarta a tsaye, ta kama hannunsa tana hawaye. Ya ce, "Ba don ke na yi ba, Inna." Ta ce ai ta sani, mutanen kirki haka suke cewa.

Kafin bazara ta wuce babu rusasshiyar katanga a Dolbat. Ya shiga ƙauyen gaba. Ya kwashe ciyawar teku ta matan nutso, jiƙaƙƙiya, ruwan gishiri na tsiyaya ta ko'ina, da fatan tsatsa. Ya ɗauki taki, ya ɗauki siminti, ya ɗauki goɗiya mai ciki da ta yi ta harbin bodin motar tun daga gona har asibitin dabbobi. Kullum da yamma sai ya tsaya a garejin Gwangte.

"Duba mini. Kamar na ji wani ƙara."

Gwangte ya sunkuya ya saurara. "Cikinka ne. Je ka ci abinci."

Da ya ga ƙarfinsa bai isa ba, sai ya tuna da ƙanin matarsa. Bongil shi ne mafi munin direba a kudancin tsibirin, kowa ya shaida. Babu turken lantarki a ƙauyen da bai gaisa da shi ba. Ya taɓa shiga gonar kabeji da baya, ya fito ta ɗaya gefen da baya, yana neman hanyar kasuwa. Dalsu ya same shi a ƙofar gida ya miƙa masa makulli.

"Ungo. Mako guda. Yi yadda ka saba, kada dai ka buga ta da komai."

Bongil ya dubi makullin, ya dubi mijin yayarsa. "Yaya, ni? Sabuwar motarka?"

"Kai ɗin. Taka ta. Kada ka ji tausayinta."

Idon Bongil ya kawo ruwa. Shekara da shekaru ko amalanke ba wanda ya ara masa. Wannan karamci ya shige shi har ƙashi. Mako guda aka yi ana ganinsa a hanya, hannu biyu a sitiyari, hanci kusa da gilashi, yana tafiya a hankali har tsofaffi masu sanda na wuce shi suna gaishe shi ta taga. Yana ba da sigina tun kwana na nesa. In ya ga kwalbati sai ya fito ya duba shi da ƙafa kafin ya haye. Ya dawo da motar a wanke, a goge, da sabon matashi a kujera.

"Me ka yi mata?" in ji Dalsu.

"Ko ƙwarzane babu, Yaya. Ka mayar da ni mutum."

"Wa ya ce ka zama mutum? Mutum na aike ka ka zama?"

Tun daga lokacin Bongil bai sake buga ko kwandon shara ba, kuma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin yadda Yaya Dalsu ya yarda da shi a lokacin da duniya ta ƙi shi.

Da kaka ta kama, lokacin da dangi ke hawa tudu su share kaburburan kakanni, Dalsu ya zama motar kowa. Ba don komai ba sai don hanyoyin kaburburan su ne mafi muni a tsibirin, duk rami da saiwa da tsakuwa mai kaifi. Yana zaɓar dangin da kakanninsu suka fi nisa, ya je ya yi musu tayi. A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiyen ne ya ɗauko Sangpil, wanda ya zo share kabarin kakansa. Sangpil ya zauna a gaba, idonsa ya faɗa kan agogon da ke ƙirga tafiyar mota, ya ƙura masa ido, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"Kawu, ina kake zuwa da motar nan? Ƙetare teku kake da ita?"

"Nan cikin gida."

"Tsibirin da in ka tashi da safe ka zagaye shi kafin rana ta faɗi? Kawu, ka rage. Ƙarin garantin nan ba a sayar wa motar da ta wuce wani adadi na tafiya. Ban faɗa maka ba ne don tun da nake aikin nan ban ga wanda ya ko kusanci adadin a shekara guda ba. Kai ka ci fiye da rabi."

Dalsu ya yi murmushi, ya ƙara taka mai, motar ta daka tsalle a kan wata saiwa har kan Sangpil ya bugi rufi. Da yamma ya shiga gida yana fito.

"Bunhi, sun tsorata. Sun aiko Sangpil ɗan Ko ya ce in rage. Ta kusa."

Bunhi na yanka kabewa, ba ta ɗago ba. "Ita ta kusa ko kai? Dubi wandonka, igiya kake ɗaure shi da ita yanzu."

Lokacin tsinkar lemu ya zo, gonaki suka yi ja. Dalsu ya kwashe lemun kowa zuwa ma'ajiyar ƙungiyar manoma, lodi kan lodi, tun safe har yamma, don akwatunan lemu nauyi gare su kuma hanyar akwai hawa. Nasa lemun na can a kan bishiya, ya manta da su, har sanyi ya fara barazana. Wata safiya ya fito ya tarar da gonarsa cike da mutane, kusan rabin ƙauyen, kowa da almakashi da kwando, gwauruwar nan na gaba tana ba da umarni. Gayya suka yi masa ba tare da sun tambaye shi ba. Ya tsaya a bakin katanga. Tun da yake bai taɓa barin wani ya taɓa masa bishiya ba, don bai yarda da hannun kowa ba. Ya bi layi yana duba inda suka yanka, yana neman kuskure. Ya samu kaɗan, ya buɗe baki, Bunhi ta cusa masa ɓawon lemu a hannu ta ce, "Riƙe wannan, ka yi shiru."

Sai ga makon ƙaura, a tsakiyar sanyi, makon da alloli ke hawa sama su kai rahoto, mutane su samu sararin sauya gida ba mai ganinsu. Duk tsibirin ya tashi lokaci guda, motar haya ta yi wuya. Dalsu ya ga dama ta ƙarshe. Ya ɗauki gadaje, kabad, tulunan kimchi, wato kabeji mai tsami, ya ɗora har kayan suka fi motar tsawo. A rana ta ƙarshe, yana taya wani malamin makaranta ɗaga firiji, sai aka ji wani ƙara, ƙas! Fuskarsa ta yi haske.

"Kun ji? Kun ji? Ta karye!"

Ya juya zai duba ƙarƙashin motar, ya kasa juyawa. Bayansa ne.

A bayan motar aka kwantar da shi, Bongil ya tuƙa zuwa asibiti, a hankali, yana ba kowa hanya, Dalsu na kwance yana kallon sama yana zaginsa. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce sai ya yi makonni a kwance, ya tambaya wane irin aiki yake yi a waɗannan shekarun nasa.

"Mota yake gwadawa," in ji Bunhi.

"A kamfani?"

"A'a, shi kaɗai. Likita, in akwai abin canzawa a canza masa. Ni haka aka ba ni shi, ba takarda ba komai."

Yana kwance mai unguwa ya zo da tawaga, da allon yabo mai ruwan zinariya da sunansa a jiki, na gwarzon hidimar jama'a na shekara. Aka karanta ayyukansa: katangu, kaburbura, goɗiya. Dalsu ya ɗaga hannu daga kan gado.

"Ku saurara. Ni ba don ku na yi ba. So nake motar ta lalace."

Ɗakin ya fashe da dariya da tafi. Mai unguwa ya share ido ya ce, "Kun ji ko? Ga aiki, ga tawali'u, ga barkwanci." Aka ɗauki hoto, allon a kan ƙirjinsa, shi kuwa fuska a murtuke.

Makonnin da ya yi a kwance ya yi su ne yana kallon motar ta taga, tana tsaye a tsakar gida fara tas, kamar ba ita ba. A nan ne tunaninsa ya juya. Ranar da ya fara takawa da sanda ya ce wa Bunhi ta ɗauko masa rigar fita.

"Zan saya."

"Ba ka ce in ba ta durƙusa ba su riƙe takardarsu?"

"Na ce. Amma yi tunani. Duk abin da na yi mata, ko uffan ba ta ce ba. Kin taɓa ganin wanda aka yi wa haka ya yi shiru don Allah? Ajiyewa take. Jira take garantin kyautar ya ƙare, washegari ta zube mini gaba ɗaya."

Bunhi ta miƙa masa rigar. "Ashe kana da hankali wani lokacin," ta ce. "Ni ma haka nake yi."

Saura 'yan kwanaki shekara ta cika suka isa wajen Sangpil. Dalsu ya zauna da ƙyar, ya jingine sandarsa, ya ce a kawo takarda. Sangpil bai kawo ba. Ya fita ya leƙa cikin motar, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Kawu, ka wuce."

"Na wuce ina?"

"Adadin da na faɗa maka a hanyar kabari. Ka wuce shi tun tuni. Kwamfuta ba za ta karɓa ba."

"Wato da na ce ba na so, kun ce in saya. Yanzu ina so, kun ce ba ku sayarwa."

"Ba ni ba ne, Kawu, doka ce."

"Saboda motar ta yi tafiya."

"E."

"Mota. Ta yi tafiya."

Sangpil ya buga waya babban ofis a gabansa, don ya fita haƙƙinsa. Aka ce a maimaita adadin. Ya maimaita. Aka tambaya ko motar haya ce tsakanin birane, ya ce a'a, manomin lemu ne a tsibiri. Sai aka ce a gaishe shi.

Dalsu ya fito bai yi wa kowa sallama ba. Ya zauna a motar ya daɗe bai tayar ba. Bunhi na jiran faɗa, ta ma shirya amsoshinta. Sai ya tayar, ya rufe taga, abin da bai yi ba shekara guda, ya kama hanyar bakin teku. Ba abin da ya rage ya yanke, ba ƙarar da zai saurara. Ya ga furannin rawaya sun rufe gonaki, ya ga tulunan da matan nutso ke rataya ragarsu a jiki na yawo a kan ruwa. Ya ce ashe an yi sabuwar gada a nan. Bunhi ta ce kullum ta kanta yake bi tun bara. Suka tsaya a wata rumfa suka ci taliya da romo, ya shanye kwanonsa ya nemi ƙari.

Ya so ya koma zamansa na da, amma mutane sun riga sun saba. Waya ta yi ta ƙara: Kawu, ga taki, Kawu, ga gado, Kawu, goɗiyar nan ta sake ɗaukar ciki. Yakan ce ba ya zuwa, ya ajiye waya, ya zauna kaɗan, sannan ya ɗauki makulli yana ƙunƙuni. Garantin kyauta ya ƙare. Washegari ya fito tun da safe ya tsaya nesa da motar, hannu a baya, yana jira. Ta tashi bugu ɗaya.

Sai bayan shekaru, wata ranar kaka, gilashin ƙofar da Bunhi ke zama ya sauka ya ƙi hawa. Dalsu ya danna, ya sake dannawa, ya ja da hannu. Ya ƙi. Ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya yana kiran mutane da sunayensu. Ya sa Bunhi ta dafa miyar kifi babbar tukunya, ya aika Sogwipo aka taho da Sangpil, wanda a lokacin ya daina rina gashi. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, motar na tsakiya kamar amarya. Dalsu ya miƙe da ƙoƙon giya a hannu.

"Na faɗa muku ko ban faɗa muku ba? Ɗan Ko, dubi abin da kuka ƙi sayar mini garanti a kansa. Yanzu wa zai biya? Ƙila ƙofar gaba ɗaya za a canza. Ƙila har inji abin ya taɓa."

Yana cikin jawabi Gwangte ya tashi da cokali a hannu, ya zagaya wajen ƙofar, ya leƙa ramin gilashin. Ya zura bakin cokalin ya ɗan murɗa, ya zaro wani ɗan guntun ƙwaryar dodon koɗi, irin waɗanda ke maƙale wa kayan Bunhi in ta fito daga ruwa. Ya danna maɓalli. Gilashin ya hau sumul. Ya goge cokalin a wandonsa ya koma ya ci gaba da shan miyarsa.

Dalsu na tsaye da ƙoƙo a sama. Bunhi ta ce tun da an riga an dafa, a ci.

Bai sake yi wa Gwangte magana ba duk tsawon sanyin nan. In sun haɗu a zauren tsofaffi sai ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Da bazara ta zo, Gwangte ya bukaci a kai masa tsohon kabad ɗin uwarsa gidan 'yarsa a can arewacin tsibirin, ya rasa mota, ya aika matarsa ta roƙi Bunhi. Dalsu ya ce ko a mafarki. Da safe ya je, suka ɗaure kabad ɗin tare ba wanda ya ce uffan. Sun haye dutse sun fara gangarawa kafin ya buɗe baki, yana kallon hanya, ya tambayi Gwangte ko ya taho da abin ci.